Bindigar da Ta Ƙi Fita Ƙofar Mota

Kai da kake ta zumuɗin sabon aikinka, tsaya ka ji na wani injiniya a masana'antar ƙera makamai. Shekaru ya yi yana fama da wata sabuwar bindiga ta sojojin ƙasa, kuma wallahi ya fitar da abu! Harsashinta yana huda rigar sulke daga nisan da tsohuwar ba ta ko mafarkin kaiwa. A samanta ya ɗora na'urar hange mai auna nisa da iska da kanta, naka kawai ka ja kunama. Ranar gwaji a filin harbi hafsoshi har miƙewa suka yi suna tafi, aka ce da damina ta wuce za a ƙera dubbai a raba wa dakaru. Ya aika wasu daga cikin bindigogin zuwa bariki a gwada masa. To ka san kurtu: in babba ya tambaye shi, ko garwashi aka ɗora masa a tafin hannu, zai ƙame ya ce, "Lafiya lau, oga!" Haka amsa ta riƙa dawowa, lafiya lau, lafiya lau. Yabon nan shi ya hana mutumin sukuni, don ya san in akwai aibi, a daji za a gano shi, kuma da ran ɗan wani.

Sai ya nemi izini, ya cusa tumbinsa cikin kaki, ya rungumi bindigarsa ya shiga motar sulke tare da kuratan ranar atisaye. Ana cikin tafiya aka busa usur, alamar an yi musu kwanton ɓauna. Masu tsohuwar bindiga suka dire kamar fara. Shi kuwa da ya yunƙura, dogon bakin tasa ya tokare ƙofa, gindinta ya maƙale a benci. Ya juya ta, na'urar hangen ta sarƙe da madaurin kujera. Ga mutum uku a tsugune bayansa, babu hanya. Kafin ya faɗo cikin taɓo, alƙalin atisaye ya riga ya nuna su ya ce su huɗun gawa ne.

Ka zaci kunya ta kama shi? Ina! Tashi ya yi, taɓo har gira, yana dariya yana ihu, "Na kama ta! Na kama ta!" Ko wanka bai tsaya yi ba ya koma masana'anta ya sa aka dakatar da aikin. Ya rage tsawon bakin, ya yi wa gindin gaɓa yadda zai naɗe, ya haƙura da ɗan nisan da ya rasa. Ranar da ya sake shiga motar ya dire tsaf, kuratan nan da ba su taɓa gaya masa gaskiya ba suka manta da oga ne, suka ɗaga shi sama.

Da a ofis ya zauna yana jiran amsa, da wata rana gidaje huɗu sun karɓi gaisuwar mutuwa ta gaske. Shi ya sa Hausawa suka ce zuwa da kai ya fi aike.