Famfon da Ba Ya Rawa

Manajan tasharmu ta lantarkin nukiliya ya nuna allo da kofin gahawarsa.

"Ku dubi layin nan, miƙe sak. Tun bara famfon sanyaya tukunyar nukiliya bai girgiza ba. Duk lardin Ontario wa ya kai mu?"

Muka tafa, bakinmu cike da donat. Gahawar da ke kofinsa kuwa sai rawa take.

Na ce, "Yallaɓai, ƙasa fa na motsi."

"Ƙafarka ce. Na'ura ta ce lafiya lau, kai wane ne?"

Da aka kashe tashar don gyara, muka sa rigunan kariya muka shiga. Famfon ya cinye boris, notuna sun kwance, saura ƙiris ya bar mazauninsa. Na'urar jin girgizar da ke zana layin nan a allo na manne a jikinsa, tururin nukiliya ya daɗe da dafa ta. Ashe gawa muke yi wa tafi.

Muka kai masa hotonta. Ya jima yana kallo.

"To, a sa wa sauran famfunan irinta. Tunda na zo nan, ita kaɗai ce ba ta taɓa kawo mini ƙorafi ba."