Gwangwanin Maganin Tabawa

Ni dai ba gulma nake ba, amma abin da ya sami maƙwabciyata Tabawa sai an faɗa.

Tun da asibiti suka kawo gwangwanin nan mai magana, ƙwayar maganin ciwon zuciya ba ta fitowa sai ka ambaci sunan mai kula da kai. Ita kuwa ɗanta na fari aka rubuta mata. Shekara hamsin kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, sai dai "yaron nan".

Da ragowar tsohon maganinta ya ƙare, kwana uku ba ta sha magani ba. Na leƙa, ƙafafu sun kumbura kamar tulu, tana haki.

Ta ce, "Gambo, sam mini ƙwaya ɗaya cikin maganinki."

Na ce, "Ke, likita ya ce kowa da awonsa. So kike a ce ni na kashe ki? Faɗi sunan, na toshe kunne."

Ban toshe ba.

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Shu'aibu."

Gwangwanin ya ce, "Wannan ya cire sunansa tun watan jiya. Ambaci wani."

Ta dube ni, sannan ta ce, "Gambo."

Ni da nake jan ƙafa da sanda, na ce wa gwangwanin na karɓi kula da ita. Murfin ya buɗe.