Jakar da Aka Rataye a Ƙusa

Shekara biyu ke nan da Kafinta ya rabu da matarsa, ko gaisuwa ba ta haɗa su. Abin da ya rage a tsakaninsu ɗaya ne, 'yarsu mai shekara bakwai, wadda yake kira Manaja saboda yadda take ba shi umarni a shago.

Da rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, manya suka yanke: yarinya tana wurin uwa, Juma'a da yamma ta je wurin uba, Lahadi ta dawo. Iyayen yarinyar kuma suka ƙara nasu sharaɗin. Uwar za ta ajiye ta a shagon mai guga ƙarfe huɗu, ta tafi. Shi ya zo huɗu da kwata. Kada ido ya ga ido.

Kafinta ya toshe lambarta a waya. Ya kuma kafa doka: ko allura daga gidan matar nan ba za ta shiga gidansa ba. Jakar da take haɗo wa yarinyar, a ƙusa yake rataye ta bayan ƙofar mai guga, sai Lahadi.

Wata Juma'a, yana zuwa mai guga ya ajiye dutsen guga.

"Maigida, yau dai ka tafi da jakar nan. Mamanta ta ce lallai ka buɗe."

"Kai, guga ce sana'arka ko sulhu?"

"Wallahi sau uku ta jaddada min."

"To goge saƙon, ka ninke, ka mayar mata."

Mai guga ya yi dariyar yaƙe. Shi ma bai san abin da ke ciki ba, don uwar ba ta son a ji sirrinta a bakin titi.

A hanya yarinyar ta ja masa riga. "Baba, Umma ta ce..."

"Me na gaya miki a kan 'Umma ta ce'?"

Ta haɗiye maganar. Sau biyu tana waiwayen shagon.

Washegari yana da ƙofofi shida da zai goge ya fesa wa fenti. Manaja ta zauna a 'yar kujerar da ya ƙera mata. Garin katako ya tashi, warin fenti ya cika shago. Ta fara tari.

"Manaja, yau ba umarni? Sha ruwa."

Ta sha, tarin bai tsaya ba. Da ya kashe inji sai ya ji ƙirjinta yana fito kamar usur. Kafaɗunta na ɗagawa, leɓenta ya sauya launi.

"Baba... jakata... abin shaƙa..."

Ya saɓe ta a kafaɗa, ya zura da gudu ba takalmi. Ya tarar da kwado a ƙofar mai guga, mai shagon ya tafi kai wa mutane kaya. Ƙofar ƙarfe ce. Ya doka da ƙafa, ya doka da dutse, ko gezau. Jakar tana nan ciki, taku biyu tsakaninsu.

"Bar ƙofar nan, kai ta asibiti!" in ji mutane.

A cikin mota ya buɗe lambar da ya toshe. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Numfashinta ya..."

"Shaƙa mata maganin! Yana aljihun gaba! Sau biyu!"

Ya ƙara rungume yarinyar.

"Kana jina? Ina jakar?"

Kan yarinyar ya riga ya langaɓe a cinyarsa. A asibiti likita ya yi iya yinsa, ya fito yana girgiza kai.

Bayan kwana uku mai guga ya kawo jakar, ya ajiye, ya tafi. Kafinta ya zuge aljihun gaba. Ga abin shaƙa sabo fil, ga takarda da rubutunta: "Likita ya ce asma ce. Kada ta shiga ƙura ko warin fenti. Karanta don ita, ba don ni ba."

Uwar kuwa har yau maganarta ɗaya: "Da na tsaya minti goma sha biyar, da na gaya masa da bakina."

Jama'a, aure yana mutuwa, amma haihuwa ba ta mutuwa. In kun rabu, ku bar ƙofa ɗaya a buɗe don maganar yaro, ko da ba kwa son ganin juna. Gabar iyaye, ɗa ne yake biyanta, wani lokacin da ransa.