Maganin da Bai San Sunansa Ba

Baba Sifana shi ne babban makanike a garejin kamfanin bas. Tun yana saurayi yake kwance ƙarƙashin motoci, har furfura ta cika masa kai. Yana da hawan jini, amma bai taɓa sa shi a ransa ba, domin nas ɗin asibitin kamfani ta ɗauke masa wannan nauyi. Duk wata sai ta biyo shi har bakin ramin gyara, ta auna shi, ta zura masa ƙwayoyi a aljihun rigar aiki. Shi dai nasa haɗiya.

Da ritayarsa ta matso, kamfani ya buɗe aji don masu shirin barin aiki. A can ake koya musu tsara yini, da zama da iyali, ana kuma haɗa kowane mai ciwo da asibitin da ke kusa da gidansa.

"Baba, don Allah ka shiga ajin nan," in ji nas. "Gobe likita zai yi magana a kan masu shan magani kullum."

Ya goge hannu da tsumma yana dariya. "Haba 'yata! Zaman gida ma sai an koya mini? Ga motoci can suna jirana."

Ko leƙawa bai yi ba. Ranar sallama nas ta ba shi ƙwayoyi na ƙarshe, ta roƙe shi ya nemi asibiti kafin su ƙare. Ya ce to, amma hankalinsa na kan ɗan garejin da zai buɗe a ƙofar gida.

Ƙwayoyi suka ƙare. Matarsa ce ta fara lura.

"Malam, kwana biyu ban ga kana shan maganinka ba."

"Ai aiki ne yake tayar mini da jini. Yanzu da na huta, garau nake."

Da ta matsa masa, ya tafi kantin magani. Mai kanti ya tambaye shi sunan maganin. Baba Sifana ya sosa ƙeya. "Wata 'yar fara ce, ƙarama." Mai kanti ya nuna masa kanta cike da fararen ƙwayoyi, ya ce gara ya ga likita. Ya je asibiti, ya hango tsawon layi, ya juyo gida. Mutumin da aka saba kai wa magani har aljihu, ina zai iya layi?

Wata safiya yana sunkuye a kan injin motar maƙwabcinsa, sai sifana ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ya kife a wurin.

A asibiti likita ya tambaya yaushe rabonsa da magani. Matarsa ta faɗa tana kuka. Likita ya girgiza kai, ya ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ma ya taɓu.

Yanzu a kujera yake yini a ƙofar gida, kusa da kayan aikin da suka fara tsatsa. Idan mota ta wuce tana wata ƙara, sai ya ɗago kai, idonsa ya kawo ruwa. Ya san abin da ke damunta sarai, amma bakin faɗa babu, hannun gyara babu. Abin ban tausayi ne ƙwarai.

Jama'a, ranar da aiki ya sallame mu, kulawar da yake ba mu ma ta sallame mu. Idan an kira ajin shirin ritaya, mu je mu saurara, mu kuma san ciwonmu da sunan maganinmu tun muna da bakin tambaya.