Kukan Injin Niƙa

Yana jan igiya, injin ya tashi. Tun rasuwar mahaifinsa yake kulle a ɗaki yana yanke-yanke da walda, har injin niƙan gidansu ya zauna daram a jikin tsohon babur. Yau sai birnin Lilongwe, ya gama shaƙar garin masara.

Ya buɗe ƙofa. Matan ƙauyen ne a layi har bakin hanya, kowacce da masara a ka. Sun san kukan injin nan.

"Ashe ka gyara mana, ɗan albarka," in ji tsohuwar da ke gaba, tana sauke buhunta a kan babur ɗin. "Niƙa mini da laushi, irin na babanka."

Ya daɗe yana kallon hanya, sannan ya ɗauko sifana, ya fara kwance injin daga jikin babur ɗin.