Baƙon Suwailim

Mai hoton ya sa an kawar da jarkar roba daga bakin tanti, wai tana ɓata masa hamada. Ya ce a ɓoye wayoyi, a ja motar akori-kurar bayan dutse. Masu mujallarsa a Landan Badawiyyai, Larabawan hamada, suke so na asali, masu raƙuma da tsumma.

Falah, ɗan mai gida, ya dubi rawanin mai hoton, sabo fil da ƙanshin kanti.

"Mu cire takalma ma, ya baƙo? Ko mu ɗan yi yunwa?"

Maza suka kwashe da dariya. Mai hoton ya haɗiye. Bai zo don su ba. Fuskar mai gidan, tsoho Suwailim, yake nema, ido cikin ido, ko sau ɗaya. Da ya ɗaga kyamara sai tsohon ya juya ga raƙumansa, ya bar shi da ƙeya.

Karamci kuwa an yi masa har ya ishe shi. An yanka akuya, an tura masa kai da hanta. An ba shi shimfiɗa mafi laushi a ɓangaren maza. Karen gidan, tsoho mai cizon kowa, ya kwanta a ƙafarsa, Falah ya kori karen da dutse.

Da hantsi mai hoton ya miƙa hannu zai ɗauki butar gahawa ya zuba wa dattawa. Falah ya fizge.

"Baƙo ba ya zuba gahawa a gidanmu. Zauna, a ba ka."

A bayan labulen mata, turmin da ake dakawa ya yi shiru, daga baya ya ci gaba.

Badawi ba ya tambayar baƙo sunansa sai ya kwana uku. Suwailim bai rage ko sa'a ba. Ranar da wa'adin ya cika ya tara maza, ya gyara zama, a karon farko ya kafe mai hoton da ido. Ga haske, ga fuskar da mujalla ke so. Kyamarar tana rataye a wuyansa, hannunsa ya kasa kai mata.

"To, baƙo, mun sauke haƙƙinka. Daga wace ƙabila kake, kuma ya sunanka?"

"Nayif," ya ce wa uban da ya raɗa masa sunan.