Fiyanon da Ke Cikin Bargo

Dutsen farko a kafaɗa ya sami Barmo, yana bisa babur, kayan kiɗansa naɗe cikin bargo a bayansa. Na biyu ya kayar da shi daidai bakin tashar Tanout. Kafin ya miƙe, mutane sun rufe shi ruf.

Laifin da ake ɗora masa ba ƙarami ba ne. Da la'asar ɗin nan aka tsinci Sabi'u mawaƙi a bayan karar shanu, kwance cikin jini, an farfasa masa muƙamuƙi da ƙarfe. Yana numfashi, amma magana babu. Mai murya irin ta Sabi'u!

Masu kiɗan fiyano biyu ne rak a garin, kuma kowa ya san rigimarsu. Na Barmo ƙato ne, sai mutum biyu ke ɗaukarsa, mai ƙwaƙwalwa, wanda ake zuba wa waƙoƙi a ciki. Kalangu, garaya, algaita, duk yana da su. In ka danna masa maɓalli ɗaya, zai yi ta kiɗa shi kaɗai ko da ka tafi kasuwa. Na Abdulgafar kuwa ɗan ƙarami ne ja, mai 'yan murɗe-murɗe, irin wanda matasan Damagaram ke kira sinte. Shi ba ya ajiye waƙa ko ɗaya. Ka ɗage yatsa, ya yi shiru.

A majalisar shayi kullum zancen ke nan. Abdulgafar ya ce na Barmo rediyo ne, ko jaki zai iya kaɗa shi. Barmo ya ce na Abdulgafar kukan sauro yake. Har ranar Juma'a aka ga Abdulgafar ya shiga gidan Barmo da amalanke, aka ce to, yau kam sai an raba su. Sai ga su sun fito suna dariya.

Sabi'u ya jima yana waƙa tare da Abdulgafar kafin ya rabu da shi watan jiya, ya koma wa wasu 'yan Damagaram. Amma da Barmo suka yi faɗa a bainar jama'a. Sabi'u ya ce masa mai danna maɓalli, Barmo ya rantse sai ya rufe masa baki. Rabin kasuwa ta ji.

Ranar da abin ya faru, Asabar, biki biyu aka yi, kowane makaɗi da wanda ya je kiɗa, kuma duka wunin mata ne. A irin wannan wuni namiji ba ya zama cikin mata. Zana ake kafa wa makaɗi a lungun gida, ya shige da kayansa, sauti ya fito ta lasifika, ba mai leƙa shi har a tashi.

Saboda haka lissafin jama'a bai yi wuya ba. Matan da suka wuni a bikin Abdulgafar suka ce kiɗa bai tsaya ba tun azahar, ba hutu, ba kuskure, rawa har ƙafa ta gaji. Kuma kowa ya san nasa ba ya kaɗa kansa. A bikin Barmo kuwa kiɗan ya yi ta tangal-tangal, ba armashi, har uwar amarya ta aika da ƙorafi.

"Ai ba ya wurin!" in ji wani mahauci, yana zare sanda. "Injin ya bari yana shirme, shi ya tafi aika-aika!"

Barmo ya ɗaga hannu daga ƙasa. "Ku tsaya, jama'a, wallahi fiyanon nan..."

Bai ƙarasa ba. Abdulgafar ya ratso taro, idonsa jajur, ya sauke masa gora a baki. Haƙora suka zube a yashi. "Sabi'u ɗan'uwana ne!" yake ihu, yana kuka wiwi. Mutane suka tausaya masa, suka ƙara ƙaimi.

Suka taka yatsun Barmo da takalma har suka ji ƙarar ƙashi. Suka ja shi a ƙasa, rigarsa ta biki ta koma tsumma. Haba jama'a, mutumin da ya yi kiɗan aurenku ɗaya bayan ɗaya! Ba wanda ya tuna.

Wani ya ɗaga ƙunshin bargon da hannu ɗaya ya maka shi da bango. Abdulgafar ya bi shi da dutse, ya yi ta dukansa kamar mai sussuka. "A kawo fetur!" ya ce. "A ƙone shi ƙurmus, kada a bar ko waya!"

An zuba fetur ɗin. Ashana ake nema lokacin da motar jandarma ta kunno kai, taro ya watse kamar an kora kaji. Abdulgafar ma ya bi ta cikin tasha, ba a ƙara ganinsa ba.

Raishatu, matar Barmo, ta iso da gudu ba takalmi. Aka ɗora mijinta a mota zuwa likita, bai san inda kansa yake ba. Tsoro ya cika ta, domin jandarman ya gaya mata gaskiya: in Barmo ya rayu, kaso ke jiransa.

"Wannan nasa ne?" ya tambaya, yana nuna bargon.

"Bargon namu ne," ta ce.

Ta durƙusa, ta kwance igiyar, ta yaye bargon mai warin fetur. Sai ta yi turus. Ta dubi jandarman, ta sake duban abin da ke gabanta.

"Ranka ya daɗe, wannan jan na Abdulgafar ne. Musanya suka yi ranar Juma'a, Abdulgafar ya ce kowa ya gwada na ɗan'uwansa a ɓoye. Na mijina, mai kaɗa kansa, yana bayan zanar Abdulgafar tun azahar."